Jar Motar da Ta Ci Hannuna

An yanke mini hannun dama daga ƙasan gwiwa saboda sifirin ɗin wata jar mota. Wannan abu ba zan manta da shi ba har a rufe ni da ƙasa.

A da ni bakanike ne a Talata Mafara. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Tun ina ƙarami aka kai ni garejin yayana, wanda muke ciki ɗaya da shi, can bakin hanyar da ta nufi Bakura. Shi ya koya mini riƙon sifana, shi ya yi mini aure. Shi yana kan inji, ni ina ƙarƙashin mota. Duk abin da ya shafi ƙafar mota nawa ne, kuma ba yabon kai ba, direbobi sun san hannuna. A gidanmu ba a musa wa babba magana, balle a gaban baƙo. Haka muka tashi, haka na zauna har na yi gemu na tara iyali.

Ran nan da hantsi muka ji wani irin gurnani daga titi. Kafin mu ɗaga kai ta shigo. Ja ce wur, ƙofa biyu, kujera biyu, ga ta kwance a ƙasa kamar an danne ta da tafin hannu. Da ta zo sauka daga kwalta cikinta ya goge ƙasa, sai da haƙorana suka amsa. Nan take 'yan kabu-kabu suka bar baburansu suka kewaye ta.

"Wagga mota ce ko tabarma?" in ji wani.

"Ko kaza ba ta ratsawa ƙarƙashinta," in ji maƙwabcinmu mai facin taya. "Sai dai ƙadangare, shi ma in bai ci abinci ba."

Mai motar ya fito yana dariya tare da su. Saurayi ne mai tsabta, ɗan asalin Maradun, amma a Abuja yake zaune. Ya zo ɗaurin auren abokinsa ne da za a yi washegari. Ya gaishe mu yadda ya kamata, ya tambayi aiki, ya tambayi iyali. Ba zan ce ba shi da ladabi ba. Ya ce tun da ya shigo jihar nan duk tudun da ya hau sai motar ta daki ƙasa, kuma gaban yana ƙwanƙwasa.

Na durƙusa na leƙa bayan taya. Shakazoba ya fashe, mai ya jiƙe shi har ya tara ƙura. Ga wanda bai sani ba, shakazoban gaba ƙarfe ne dogo kamar guntun taɓarya, sifirin yana nannaɗe a jikinsa, a sama akwai faranti da ke danne sifirin ɗin, kuma noti ɗaya tak ke riƙe da farantin. Duk nauyin gaban mota a kansa yake. Saurayin ya buɗe but ɗin motar ya nuna mini sababbi guda biyu a kwali, ya ce tun a Abuja ya saya bai sami lokacin sakawa ba. Aiki ne mai sauƙi. A cire tsofaffi, a mayar da sifirin ɗinsu kan sababbi, a ɗaure. Da a nan ya tsaya, da yau ina da hannu.

Sai ya ce, "Oga, tunda za a buɗe, ku ɗaga mini ita mana, cikinta ya yi nesa da ƙasa. Kun san hanyar garinmu."

Na ce masa, "Yallaɓai, wagga ba a yi ta don hanyarmu ba. Ka aje ta nan, ka shiga wata motar. In ka dawo ka iske ta lafiya."

Ya kalle ni kamar na zage shi. "In taho da ita tun daga Abuja, in bar ta a Mafara, in shiga gari a kan kabu-kabu? Duk abokaina ita suke jira."

Yaya ya goge hannu da tsumma ya matso. "Ana ɗaga ta, Yallaɓai. Ba mu taɓa mayar da aiki ba."

A bayan gareji akwai wata matacciyar jif da ta daɗe tana ruɓewa. Dabarar Yaya ita ce a ciro sifirin ɗinta, masu tsawo da kauri, a dasa su a kan sababbin shakazoban jar motar. Faɗinsu ya zo kusan ɗaya. Tsawon ne matsala. Na jar motar gajeru ne, da ka kwance noti sai su saki jiki ba faɗa. Na jif kuwa sai an matse su sosai kafin faranti ya zauna, noti ya kama.

Na ja Yaya gefe, na rage murya don kada baƙo ya ji. "Yaya, ba mu da ƙarfen matse sifirin. A aika Gusau a aro."

"Yaushe munka taɓa mallakarsa?" ya ce. "Duk motocin da munka gyara da mi munka yi?"

Gaskiya ya faɗa. Ba mu taɓa mallakarsa ba. Yadda muke yi shi ne, mu ɗaga bayan babbar mota da jak, mu tsayar da sifirin a ƙarƙashinta, mu sauke ta a hankali har nauyinta ya matse shi. Sai mu ɗaure shi da wayar ɗaure rodi ta kowane gefe, mu sake ɗaga motar, mu ciro shi a dunƙule. In an zaunar da shi an ɗaure noti, sai a datse wayar. Haka kowa ke yi a layinmu. Amma a kan ƙananan motoci muke yi, masu laushin sifirin. Na ce masa wannan daban ne. Ya ce saurayin nan dole ya kama hanya kafin la'asar, ai na san ba mai bin hanyar Maradun in rana ta yi sanyi, saboda 'yan bindiga. Ya ce in daina surutu in kawo jak.

Na kawo jak.

Na cire tayoyin gaba, na kwance tiyon birki daga maƙalinsa, na kwance manyan kusoshi biyu na ƙasa, na buɗe bonet na saki ƙananan notocin sama. Shakazoba ya zame ya faɗo hannuna. Na yi wa ɗaya gefen haka. Motar ta zauna a kan katako ba ƙafafun gaba, mai ita yana zagaya ta yana waya, yana gaya wa abokansa ga shi nan tafe.

Akwai wata tifa da ke jiran gyara a gefe, da ita muka matse na farko. Muka ɗaure da sabuwar waya, ninki-ninki. Da na ɗauko shi na ji yana motsi a hannuna kamar abu mai rai, wayar tana 'yar ƙara. Na tsayar da shakazoba tsakanin gwiwoyina, na zura sifirin, na ɗora faranti na danne da hannu, Yaya ya kama noti ya ɗaure. Muka datse waya. Sifirin ya buɗe da ƙarfi ya tsaya a mazauninsa. Lafiya lau.

Yaya ya dube ni. "To, mai tsoro, ka gani?"

'Yan kallo suka yi dariya. Mai faci ya ce in an gama ɗaga ta a ɗora mata buhun gero ya ga ko za ta kai gida.

Da muka zo na biyu, waya ta ƙare. Mai sayar da ita yana cikin kasuwa, tafiya ce ta babur, ba wani nisa ba. Na ce bari in je in dawo. Yaya ya dubi rana, ya dubi saurayin da ya fara duba agogo, sai ya sunkuya ya tsince guntayen da muka datse. Ya haɗa bakinsu ya murɗe da filaya, guntu da guntu, har suka yi tsawo.

Duk wanda ya taɓa aiki da waya ya san in ta sha murɗa sau ɗaya ta ja nauyi, ta gama ƙarfinta. Yaya ma ya sani, shi ya koya mini. Na ce, "Yaya, wagga waya ta gaji."

A gaban mutane na faɗa, kuma na ga fuskarsa ta canza. "Ni za ka koya wa aiki? Riƙe mini nan."

Saurayin yana tsaye a kanmu, 'yan kabu-kabu suna kallo. Na riƙe.

Muka matse, muka ɗaure, muka ciro. Na zauna a kan tsohuwar taya, shakazoba tsakanin gwiwoyi, na ɗora faranti. Wannan karon sifirin bai matsu kamar na farko ba, bakin zaren da noti zai kama ɗan kaɗan ya leƙo. Yaya ya ce in ƙara dannawa. Na ɗora hannun dama a kan farantin, na kwanta masa da nauyina. Na ji ƙas a gefe ɗaya, waya ta tsinke. Sifirin ya lanƙwashe kamar baka. Ban ji na biyu ba.

Abin da na sani kawai, ina kwance rigingine ina kallon sama, kunnuwana suna ƙugi. Farantin an ce ya tashi ya huda rufin kwanon mai shayi a tsallaken fili. Na yunƙura zan dafa ƙasa in tashi, sai hannun ya naɗe a inda babu gaɓa. Tsakanin gwiwa da wuyan hannu ya karye, fata ta yage, na ga farin ƙashina da idona. Mutane suna ta salati. Mai faci ya cire rawaninsa ya ɗaure mini, suka ja ni gindin dogonyaro suka jingina ni.

Saurayin ya rikice. "Innalillahi! A kai shi asibiti, a kai shi yanzu!" Ya faɗa har da ɗaga hannu. Sai idonsa ya faɗa kan motarsa, tana zaune a kan katako, ƙafa ɗaya a haɗe, ɗaya a warwatse a ƙasa. Ya sauke hannun. Sannan ya ce a hankali, "Amma Oga, motar fa?"

Yaya ya dube ni, ya dubi motar. Ina ganinsa, domin idona biyu. Ya zo ya tsuguna a gabana ya dafa kafaɗata.

"Ka ɗan daure. Yanzu mu ƙare mu sallame shi, in kai ka da kaina."

Wani daga cikin 'yan kabu-kabu ya ce shi zai kai ni. Yaya ya ce a bari, ƙanensa ne, shi ya san inda zai kai shi. Ɗan kabu-kabun ya ja da baya. Ni kuwa ban ce komai ba. Ban saba cewa ba.

Sai a lokacin aka aika kasuwa aka sayo sabuwar waya. Ina zaune ina kallo. Aka nemo sifirin a cikin ciyawa, aka nemo faranti, mai faci ya zauna a inda na zauna. Aka kira azahar, aka yi salla, aka dawo. Jini ya cika rawanin ya fara ɗiga a kan wandona, ƙudaje suka same ni. Abu ɗaya da ya tsaya mini a rai har yau, saurayin ya ga jinina ya fantsama a jikin motar kusa da fitila. Ya waiga, ya ɗauki butar alwalata, ya zuba ruwa ya wanke da hankicinsa, ya goge har wurin ya yi ƙyalli. Ba da mugunta ya yi ba. Ko tunani bai yi ba.

Da aka sauke ta, gabanta ya ɗaga sama, bayanta yana ƙasa, kamar akuya za ta ci ganyen bishiya. Ya shiga, ya tayar, ya sauke gilashi ya ce mini, "Sannu Oga, Allah ya sawwaƙe." Ya ce zai biyo in ya dawo. Ya hau titi ba ta goge ƙasa ba. Ban sake ganinsa ba.

Yaya ya ɗora ni a bayan babur, mai faci ya zauna bayana yana riƙe da ni. Da na ga mun juya hanyar Bakura na ce, "Yaya, asibiti na baya."

"Asibiti yanke hannu sukai," ya ce. "Akwai Baba mai ɗori a wani ƙauye bayan Bakura, gadon gidansu ne. Direban da tifa ta taka, ba shi ya tashe shi ba?"

Kowa a wajenmu ya yarda da wannan. Karaya ta mai ɗori ce, asibiti na zazzaɓi ne da haihuwa. Ni kaina da wani ne ya karye, da abin da zan faɗa masa ke nan. Kowane rami na hanyar nan na ji shi a cikin ƙashina.

Baban tsoho ne mai sanyin magana, kuma ban riƙe shi a zuciya kamar yadda na riƙe wasu ba. Abin da ya gada ya yi. Ya sa aka danne ni, ya ja hannun har na suma. Da na farfaɗo ya yi tofi, ya shafa man shanu da wani garin magani a kan raunin, ya jera karan dawa kewaye da hannun, ya naɗe da tsumma ya ɗaure tamau. Sannan ya sa aka kamo wata budurwar kaza, ya karya mata ƙafar dama a gabana, ya ɗaure ta da tsinke kamar yadda ya ɗaure ni.

"Ɗana, ranar da ka ga ta taka, kai ma ka warke. Amma kada wanda ya taɓa ɗaurin nan kafin in ce."

Aka ba ni tabarma a zaurensa tare da wasu masu karaya. Ba a daɗe ba yatsuna suka kumbura kamar rogo, suka yi sanyi. Hannun yana bugawa kamar ana daka a ciki. Na gaya wa Baba ɗaurin ya yi tsanani. Ya taɓa yatsun ya ce ƙashi ne ke kamawa, haka yake yi. Yaya ya zo dubiya da lemo da burodi, na ce masa don Allah a sassauta. Ya ce, "Ga yara ƙanana nan kwance ba su kuka. Kada ka ba mu kunya a gidan mutane." Na juya fuska bango.

Bayan wasu kwanaki ciwon ya ɗauke gaba ɗaya. Na yi murna. Na ci tuwo sosai ran nan, har na yi wa na kusa da ni ba'a. Kazar ma ta fara ɗingishi a tsakar gida, 'yan zaure suna yi mini barka. Ban san hannu in ya daina ciwo a irin wannan hali mutuwa ya yi ba.

Matata ce ta gane. Ta zo da fura daga Mafara, ta durƙusa ta gaishe ni, sai na ga ta tsaya da numfashi. Ta matso ta sunsuna tsumman, ta ɗaga yatsuna ta ga sun yi baƙi, ta matsa farce ban ji ba. Mace ce da ba ta ɗaga murya, ko sunana ba ta taɓa kira ba. Ta ce, "Malam, tashi mu tahi."

Na ce sai an gaya wa Yaya.

"Yaya na da hannunsa biyu," ta ce. "Tashi."

Baba ya fito ya ce in aka fita da ni kafin lokaci, babu ruwansa da abin da zai biyo baya. Ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Mun gode, Baba, Allah ya saka. Amma wari nike ji." Ta fita titi da kanta ta tsayar da motar da ta ɗauko buhunan gyaɗa, aka kwantar da ni a kansu.

A asibitin Mafara da suka kwance tsumman, wata ma'aikaciya ta fita waje da gudu. Suka ce aikin ya fi ƙarfinsu, suka tura mu Sakkwato. Likitan can bai yi mini faɗa ba. Ya ce karayar da fata ta buɗe ba a rufe ta a ɗaure haka, ɗaurin ya hana jini zuwa, datti kuma ya ruɓar da naman. Ya ce da ranar da abin ya faru aka kawo ni, gyara ne da suke yi kullum. Yanzu kuwa ko hannu ko rai. Na ce ya yanke.

Yaya ya zo bayan an yi aikin. Ya zauna a bakin gado, idonsa ya yi ja, ya kasa kallon wurin. Ya ce, "Ƙaddara ce. Abin da Allah ya rubuta ba makawa."

Na ce, "Na yarda da ƙaddara, Yaya. Amma ina zaune gindin dogonyaro ina kallonka."

Wannan ce magana mafi tsawo da na taɓa mayar masa tun da aka haife ni. Ya tashi ya ce zai nemo ruwa, ya daɗe bai dawo ba.

Da na warke ya ce in dawo gareji in riƙa zama ina nuna wa masu aiki. Na gwada. Na kasa. In na ga noti, hannun da babu shi ne ke fara miƙewa. Dangi suka taru suka ce in yi haƙuri, jini ɗaya ne, kuma ai bai yi da gangan ba. Na san bai yi da gangan ba. Ba wanda ya yi da gangan a cikinsu duka, kuma hannun ya tafi. Muna gaisawa da shi, ina zuwa sunan 'ya'yansa, yana zuwa na nawa. Iyakarta ke nan.

Abin da na koya ba shi da yawa. Girmama babba wajibi ne, haƙuri kuma abu ne mai kyau, amma ba a kan abin da idonka ya gani zai kashe ka ba. In ka san waya ta gaji, ka cire hannunka, ko wa ke tsaye a kanka. In jikinka ya ce maka yana mutuwa, ka yi ihu har a ji, kada ka tsaya neman a ce kai namiji ne. Waɗanda ke cewa ka daure, da jikinsu cikakke za su koma gida. Haka nake gaya wa 'ya'yana, kuma na ce ko ni ne na sa su abin da zai cuce su, su musa mini a gaban kowa.

Yanzu ina Bakura, kusa da tasha, ina sayar da baƙin mai da ruwan birki a kan ɗan tebur. Da hagu nake cin abinci, da hagu nake gaisawa, da hagu nake miƙa wa mutum kayansa. Baƙon da bai san ni ba, bai kuma lura hannun rigata na dama wofi yake ba, yakan ɓata rai ya ce ba ni da tarbiyya. Ba na yi masa bayani.